Safar Hannu a Jikin Ginshiƙi

"To kai a ganinka wa ya rataye ta?" in ji Gajere, yana lasar bayan cokali.

"Wanda ya rataye ta ya san dalilinsa."

"Ni dai na ga safar hannu, na kuma ga mutumin da hannunsa ke kukan neman safa. Ban ga abin dogon tunani a nan ba."

"Kai yaushe ka taɓa ganin wani abu? Ranar da aka kori Dogo kana tsaye, ka ce ka ɗauka aikensa aka yi."

Gajere ya fashe da dariya har ya ƙware. Suna zaune ne a kan bulo a bayan ɗakin tukunyar tururi, inda masu rigar toka suke cin abincin rana. Masu shuɗiyar riga suna da ɗakinsu a ciki, mai teburi da fanka da famfon wanke hannu. Babu wanda ya taɓa cewa mai rigar toka kada ya shiga ɗakin, kuma babu mai rigar tokar da ya taɓa shiga.

Wanda Gajere yake tsokana shi ne Walakin. Ba sunan da aka raɗa masa ba ne, amma shi ya bi shi. Ko ruwan sanyi ka miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin ya ce, "Da walakin." In an ƙara musu hutu ya ce da walakin, in manaja ya yi murmushi ya ce da walakin. Abin da ya fi ba abokan aikinsa haushi shi ne, sau da yawa akan tarar da walakin ɗin.

Yau cokalin ma da ƙyar yake riƙe shi. Fatar bayan hannuwansa ta yi ja, ta bushe, ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ruwa ya janye. Tsakanin yatsunsa har ya fara ruwa.

"Baba, dubi hannunka fa," Gajere ya ce, ya sassauta murya. "Ƙarshen makon nan Mai Jaka, wakilin kamfaninmu, zai zo duba hannu. In ya ga wannan, hutu zai ba ka."

Walakin ya san hutun. A gidan wankin nan, in aka ce da mai rigar toka, "Je ka huta, za mu kira ka," to ya tafi ke nan. Wayarsa za ta tsufa ta mutu ba ta yi wannan ƙarar ba.

Walakin ɗan mai wanki ne. Mahaifinsa da hannu yake wanki, da baho da sanda, kuma a gindinsa ya koyi cewa tufa tana da hali kamar mutum: wata tana son lallashi, wata sai da duka. Yana saurayi ya shigo wannan gidan wanki, lokacin rumfa ce kawai da 'yan injuna masu jijjiga. Mai gidan na farko tsoho ne mai faɗa, mai zagi, amma ya san sunan kowa har da na 'ya'yansu. Ranar da aka haifa wa Walakin 'yar fari, tsohon ya zage shi don ya makara, sannan ya kore shi gida ya ce kada ya kuskura ya dawo sai mai jego ta miƙe.

Gidan ya yi ta girma. Otal-otal suka riƙa kawo zannuwan gado da tawul, asibitoci suka biyo baya. Aka rushe rumfar, aka gina zaure mai faɗi, aka jera injuna masu cin kaya kamar ba za su ƙoshi ba. A wannan zamanin ne Walakin ya kawo ƙanin matarsa, wanda gida da waje ake kira Auta, ya roƙa masa aiki. Shi ya koya masa yadda ake gane injin da ya cika da yawa daga kukansa, da yadda ake jan zanen gado daga injin guga ba tare da tururi ya lashe mutum ba. Auta yana da takardar makaranta, yana da kai, ga shi da saurin hannu. Wasan da ke tsakanin miji da ƙanin mata kuwa sun yi shi har ya wuce misali. Auta yakan ce, "Yaya, wannan tumbin naka, da gumin yayata ka tara shi." Walakin ya ce, "Rufe mini baki, ɗan da na ɗauka a kafaɗa yana yi mini fitsari a wuya."

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gidan ga wasu mutane da ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Wata safiya aka tara ma'aikata a tsakar zauren. Wani mai laushin murya ya ce kada kowa ya damu, babu wanda za a kora, aiki yana nan, injuna suna nan, abu ɗaya ne kawai zai canja: daga yau mafi yawansu ma'aikatan wani kamfani ne daban, wanda aikinsa shi ne ɗaukar mutane yana ba da aronsu. Aka karɓi shuɗayen rigunansu, aka ba su na toka. 'Yan kaɗan aka bar wa shuɗiya, cikinsu har da Auta, wanda aka ɗora a kan zauren gaba ɗaya.

Sai Walakin ya ɗaga rigar tokar ya juya ta gaba da baya.

"In babu abin da zai canja," ya ce, "me ya kawo canjin riga?"

Ba a ba shi amsa ba. Ranar ce sunan ya manne masa.

Amsar ta zo daga baya, a hankali, kamar yoyon rufi. In otal-otal sun cika, sai a ga sababbin fuskoki cikin rigar toka sun cika zauren. In kasuwa ta ja baya, sai a neme su a rasa, ba sallama, ba rigima. Wanda ya yi rashin lafiya, ofishin sama ya ce ba nasa ba ne, ya je wurin kamfaninsa. Kamfanin nasa kuwa ɗaki ne guda a wata unguwa, da wata yarinya mai amsa waya, da Mai Jaka, wakilin da ke zagayawa a kan babur yana leƙa wuraren da aka ba da aron mutane.

Sai aka yi shari'ar wani mai rigar toka da ruwan zafi ya sale wa ƙafa. Yadda labarin ya dawo zaure, alƙali bai kula da kalar riga ba. Tambayoyi ya yi masa masu sauƙi: da safe wa ke gaya maka abin da za ka yi? Wa ke ba ka kayan aiki? In ka yi kuskure wa ke yi maka faɗa? Mutumin ya ce shugaban zaure. Alƙali ya ce to gidan wankin ne ubangidansa, ya ɗauki nauyinsa.

Bayan wannan sai lauyoyi suka hau bene suka daɗe. Da suka sauko, doka ta sauko tare da su: mai shuɗiyar riga ba zai ba mai rigar toka umarni ba, ba zai yi masa faɗa ba, ba zai miƙa masa ko tsinke na kayan gidan ba. Duk abin da ake so, a gaya wa Mai Jaka, shi ya gaya musu. Mai Jaka kuwa sai a yi kwanaki ba a ga ƙurar baburinsa ba, ga kuma zannuwan asibiti ba sa jira.

Auta ne ya samo dabara. A tsakiyar zauren akwai wani ginshiƙin siminti mai kauri, fentinsa ya ɓaɓɓare, da ƙusa guda a jikinsa da ake rataye agogo a da. Sai Auta ya riƙa zuwa ya tsaya a gabansa, ya ɗaga murya:

"Ginshiƙi, injin ƙarshe ya tsaya, kayan cikinsa suna son a kwashe."

Sai wani ya tafi ya kwashe.

"Ginshiƙi, motar asibiti ta kusa zuwa, ga tawul ba a ninke ba."

Da farko dariya ake yi. Gajere har gaisuwa yake kai wa ginshiƙin da safe, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali?" Daga baya aka saba, abin ya zama aiki kamar kowane aiki. Mutum ɗaya ne bai taɓa yin dariyar ba. A ce yaron da ya goya, ya koya wa aiki, shi ne zai wuce shi a zaure kamar bai gan shi ba, ya je yana magana da siminti? Walakin ya haɗiye abin, ya zauna masa a ƙirji. Ya daina zuwa gidan Auta. In Auta ya zo gaida yayarsa, sai ya tuna yana da wurin zuwa.

Ciwon hannun ya samo asali ne daga sabon sinadarin da aka kawo don kayan asibiti. Walakin ne ke ciro jiƙaƙƙun zannuwa daga kwamin da ake tsoma su, ya loda a inji. Tsohon sinadarin ƙaiƙayi kawai yake sa wa. Wannan kuwa ci yake. Safar da ake sayarwa a kasuwa ba a bari a shigo da ita sashen asibiti, mai gadi yana karɓewa a ƙofa, kuma ko an shigo da ita ba ta jure zafin, narkewa take ta manne. Safar kirki, mai kauri, mai kaiwa gwiwar hannu, tana sito, da tambarin gidan a jikinta, ta masu shuɗiyar riga ce.

Da Mai Jaka ya leƙo a farkon mako, Walakin ya tare shi a bakin ƙofa, hannuwansa a cikin aljihu.

"Ranka ya daɗe, yaran nan na sashen asibiti suna cewa wai a taimaka musu da safa."

"Yara, ko?" Mai Jaka ya ce, yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Mutum ne mai gajiyayyar fuska, ba mugu ba, ba kuma mai kirki ba. "Baba, safa kayan wurin aiki ce. Mu mutane muke kawowa."

"Na sama sun ce mu naku ne."

"Ku namu ne. Safa tasu ce."

"To mu da muke naku, in muka sa tasu?"

Mai Jaka ya tsaya da ɗaurin, ya dube shi.

"Baba, kai babba ne, bari in gaya maka yadda abin yake. Mutanen nan wanki suke so a yi musu. Ba sa son zazzaɓinka, ba sa son haihuwar matarka, ba sa son tsufanka, ba sa son ranar da za ka kai su kotu. Duk wannan sun sauke mana, mu ne masu dakonsa. In aiki ya yi yawa su ce mu ƙaro, in ya ragu su ce mu rage, su kwana lafiya. Ranar da aka ga kayansu a hannunka da saninsu, dakon ya koma kansu. Ranar da dakon ya koma kansu, me za su yi da mu? Ka ga ni ma ina da yara."

"Wato nono suke so, ba sa son saniya."

"Kai ka faɗa." Ya buga babur ɗinsa. "Ƙarshen mako zan zo duba hannu. Asibiti sun matsa, ba sa son mai ƙurji ya taɓa musu kaya. Fito da hannunka daga aljihu mana, sanyi ake yi?"

"Ɗabi'a ce," in ji Walakin.

Washegari da safe aka wayi gari da safa a rataye a ƙusar ginshiƙin. Baƙa, mai kauri, ba sabuwa ba, da tambarin gidan a wuyanta. Babu wanda ya ga mai ratayewa. Auta ya zo ya yi wa ginshiƙin maganar injuna da ta tawul kamar kullum, bai ce uffan a kan safar ba, ko kallonta bai yi ba.

Walakin kuwa ya kalle ta, ya tuna Dogo. Dogo mutumin kirki ne, ya tsinci takalman roba a bayan sito, ya ɗauka an yar da su, ya sa don ruwan da ke kwance a sashensa. Ba a yi masa faɗa ba, ba a ce ya yi sata ba. Waya kawai aka buga daga bene aka ce wannan kada a sake turo shi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ga shi ya tsufa, hannunsa ya rage sauri, ga samari a bakin ƙofa kullum suna jira. In ana neman hanyar rabuwa da shi ba tare da surutu ba, wace hanya ta fi wannan? Wa kuma ya fi sanin cewa hannunsa na ciwo, in ba Auta ba, wanda yayarsa ce ke shafa wa hannun magani?

Haka safar ta yi ta kwana a ƙusa, hannun yana ta ci.

A gida, da yamma, matarsa ta zaunar da shi a bakin gado, ta ɗora hannuwansa a cinyarta tana shafa masa man da ta sayo a kantin magani. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurin nata yana da baki.

"Malam, an ce akwai safa a rataye a wurin aikinku."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

"Wato Auta ya zo. Ya zo ya ji ko tarkon ya kama."

Ta danna masa man a tsakanin yatsu da ɗan ƙarfi, har ya ja iska ta haƙora.

"Yaron da ka ɗauka a kafaɗa shi zai ɗana maka tarko?"

"Riga tana canja mutum. Ke ba ki ga yadda yake wuce ni ba. Siminti ya fi ni daraja."

"To in ya yi maka magana a kore shi, ku taru ku biyu a tsakar ɗakin nan kuna kallona? Ka san abin da ke damunka? Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Waɗanda suka canja maka riga ko fuskarsu ba ka sani ba, sai ka tattara fushin ka ɗora wa ƙanina."

"Ki tambaye shi, in don Allah ya rataye, me ya hana shi faɗa miki a fili?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi bai rataye komai ba, bai ga komai ba, kuma in ce maka bai ce komai ba."

"Kin ji ko! Da walakin."

"Da walakin a kanka," ta ce, ta rufe kwalbar man. "Na zuba maka ido, mutumin nan ko ranar aurenmu sai da ka leƙa fuskata sau biyu ka tabbatar ni ce."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Amma da ta tashi za ta fita sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

"Da zai tafi na ba shi ragowar wancan man. Shi ma hannunsa ya fara."

Walakin ya kwana da wannan maganar. Da safe ya sa ido. Auta ne ke auna sinadarin daga jarka ya zuba a kwami, aikinsa ne na kowace safiya. Da can da safa yake yi. Yau da tsumma ya naɗe hannu, kuma da ya ajiye jarkar sai ya yarfe yatsunsa, ya soka su a hammata. Walakin ya gani. Zuciyarsa ta ce, ka ga, tasa ce ya cire ya rataye maka. Wata zuciyar ta ce, mai kamun kifi ma ai yakan yi asarar tana.

Ranar duba hannu ta zo. Tun da hantsi aka ji baburin Mai Jaka a waje, aka ga ya hau bene wurin manaja tukuna. Ofishin manaja yana da taga mai labule da ke kallon zauren duka. Walakin ya dubi hannuwansa. Man ya ɗan kwantar da jan, amma tsagar babban yatsa ta buɗe, ko makaho ya shafa zai gane. Gajere ya wuce shi da keken tura kaya, ya ce a hankali, "Baba, ko ka shiga ban ɗaki ka daɗe?"

Maimakon ban ɗaki, sai Walakin ya nufi tsakiyar zaure. Auta yana tsaye a can gefe yana duba wani inji. Walakin ya tsaya a gaban ginshiƙin, abin da bai taɓa yi ba, ya gyara murya.

"Ginshiƙi."

Masu ninki suka ɗaga kai. Gajere ya tsayar da kekensa.

"Ginshiƙi, kai ne babba a gidan nan, kowa da kai yake magana. Ka tambayar mini mai wannan safa, me aka yi masa alkawari in na ɗauka?"

Auta ya daskare a inda yake. Sannan ya tako a hankali, ya tsaya a ɗaya gefen ginshiƙin, idonsa a kan siminti.

"Ginshiƙi, ka gaya wa mai tambaya, an yi mini alkawarin hannu irin nasa. Har an fara cikawa."

"Ginshiƙi, ka ce masa Dogo ma tsintuwa ya yi."

"Ginshiƙi, ka ce masa ranar Dogo ba ni na buga waya ba. Ka ce masa na hau bene na yi roƙo har aka ce in fita."

"Wa ya shaida?"

"Kai ka shaida, ginshiƙi, a jikinka na zo na jingina."

Wata daga cikin masu ninki ta toshe baki da tawul. Walakin ya ji zauren ya yi tsit, in ban da kukan injuna. Ya ce, murya ƙasa ƙasa:

"Ginshiƙi, ka ce masa abin da aka rataye a ƙusa ba shi da mai bayarwa. In ta ɓaci, ni kaɗai ne ɓarawo."

Auta ya ɗaga kai ya dubi tagar bene. Labulen a ɗage yake kaɗan. A kan matakala kuma ga Mai Jaka yana saukowa, jakarsa a hammata. Auta ya sa hannu ya zare safar daga ƙusa, ya zagayo ginshiƙin, ya tsaya a gaban mijin yayarsa, ya dube shi cikin ido.

"Yaya," ya ce, da ƙarfin da har na bakin ƙofa suka ji, "ungo. Ni na ba ka. Sa ka je ka kwashe kwamin can, taurin kai kamar ƙusar da ta yi tsatsa."

Rabon da Walakin ya ji kalmar "Yaya" daga bakinsa a cikin zauren nan har ya manta. Ya tsaya yana kallon safar, yana kallon hannun da ke riƙe da ita, ja, da 'yan tsage a gaɓoɓi. Ya karɓa. Ya juya ta ciki ya koma waje, ya leƙa, ya hura, ya kakkaɓe.

"Me kake nema a ciki, kunama?" in ji Auta.

"Ba a sani ba."

Ya zura hannuwansa. Cikinta da ɗumi, da laushin tsufa, ta rufe shi har gwiwar hannu.

Mai Jaka ya iso ƙasa. Ya tafa hannu, masu rigar toka suka jeru, kowa ya miƙo hannuwansa, ciki da baya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Walakin yana kusa da ƙarshen layi, baƙar safa har gwiwa, tambarin gidan yana kallon kowa.  Mai Jaka ya duba na Gajere, ya matso, ya zo daidai shi.

Bai dubi hannun ba. Ya dubi rufi, ya dubi agogon hannunsa, ya buɗe jakarsa ya rufe. In ya ce a cire safa, ya gan ta ke nan. In ya gan ta, sai ya faɗi wanda ya bayar, a gaban wa, da umarnin da ya biyo baya, kuma wannan labari ne da ba na bene ba, ba kamfaninsa ba, babu mai son a ce ya faru.

"Baba, ya ƙarfin jiki?" ya tambayi iskar da ke saman kan Walakin.

"Da godiya."

"Madalla." Ya wuce na gaba.

Da aka watse, Gajere ya rusuna a gaban ginshiƙin ya ce, "Ranka ya daɗe, yau an yi maka juyin mulki." Masu ninki suka saki dariyar da suka daɗe suna riƙewa. Ba ta yi nisa ba, don mai gadi ya leƙo ya ce ana kiran shugaban zaure a sama.

Auta ya goge hannunsa a wando, ya gyara wuyar shuɗiyar rigarsa. Walakin ya sha gabansa.

"Tsaya. Ka san ba zai duba ba, ko?"

"Wa?"

"Kada ka raina mini hankali, yaro. Ka jira sai da ya sauko sannan ka miƙo. Ka shirya abinka."

"Yaya, da na iya shiri haka, da ni ne a bene."

"Me za ka ce musu?"

"Zan ce na gaya wa ginshiƙi, bai ɗauka ba." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ka ce wa yayata ta ƙara ruwa a tukunya, yau a gidanku zan ci. In an bar mini rigar, in an karɓe, duka dai zan zo."

Walakin ya bi shi da kallo har ya hau matakala, ƙofar ofis ta buɗe ta rufe, labulen ya sauka. Ya daɗe yana kallon labulen. Ba a jin komai daga can, kuma shirun bai yi masa ba. Manajan da ya ga abu da idonsa, wakilin da ya ƙi gani, ƙanin mata da ya ce bai shirya ba.

"Da walakin," ya ce a hankali, shi kaɗai.

Injin ƙarshe ya yi ƙara ya tsaya. Kwamin asibiti yana can cike, tururi na tashi a kansa, babu wanda ya gaya wa ginshiƙi komai. Walakin ya ja bakin safar ya ƙara ɗaga ta sama, ya kama keken tura kaya, ya nufi kwamin.